Jatan Lande Masu Ƙwai

Tun da aka kawo Mama Ugomma garin Suleja a ƙarshen rani abincinta yake raguwa. Da farko tana cin rabin kwano, daga baya ta koma 'yan lomomi, har ta kai surukarta Ijeoma za ta ajiye mata abinci da rana, ta dawo daga shago da yamma ta same shi a rufe yadda ta bar shi. Likita ya duba ta ya ce ban da hawan jini da kumburin ƙafa bai ga komai ba, amma ya ja ɗanta Nnabuike gefe ya gaya masa cewa magani ba ya aiki a cikin da babu abinci. Ya kuma ce kada a kuskura a ɗora ta a mota zuwa kudu, jikinta ba zai ɗauki hanyar ba.

Kudun kuwa shi take so. Ƙauyensu yana bakin kogi ne can jihar Anambara, ambaliyar bara ta rushe mata ɗaki, shi ya sa Nnabuike ya je ya ɗauko ta ya kawo ta gidan hayar da suke zaune a unguwar Magajiya. Arewa ba baƙuwarta ba ce. Ta yi shekaru a Kaduna lokacin da marigayi mijinta yake aikin reluwe, Hausarta ma ta fi ta ɗanta kyau. Amma wancan zaman tana da ƙuruciya ne, tana kuma da ranar komawa gida. Yanzu kullum tana kan kujerar roba a bakin ƙofar ɗakinta, tana kallon tankin ruwan da ke tsakar gida.

Ɗakin da ke kallon nasu na Sabo ne, mutumin Yawuri, direban motar ma'aikata a Abuja. Iyalinsa suna gida, shi kaɗai yake zaune. Yakan fita da asuba kafin cunkoson Madalla ya haɗu, ya dawo bayan magariba, kuma bai taɓa shiga ɗakinsa ba sai ya durƙusa ya gaishe da tsohuwar.

Wata Asabar yana wanki a bakin tanki, Ijeoma ta fito da kwanon miya ta ajiye a gaban Mama. Tsohuwar ta buɗe, ta shinshina, ta mayar da murfin.

"Mama, me miyar nan ta yi miki?" in ji Sabo. "Ƙamshinta tun ɗazu yake hana ni wanki."

"Ɗauki ka sha, ɗana. Ni ba na cin gawa."

"Gawa kuma?"

Ijeoma ta ce, "Malam Sabo, ka ji dai. Jatan lande ta ce tana so. Na je har kasuwar Madalla na zaɓo mai kyau, na daka, na zuba da yawa. Yanzu ya zama gawa."

"Busasshe ne," in ji Mama. "Ya shekara a buhu, ya sha hayaƙi, ya sha rana, ya hau tirela. Wannan ai gishirin miya ne kawai. Ni mai rai nake nufi, wanda za ki zuba a roba yana tsalle yana watsa miki ruwa a fuska."

Sabo ya yi dariya har ya saki rigar da yake matsewa. "Wannan abin mai gemu? Mama, mu a Yawuri idan ya shigo taru watsar da shi muke yi. In an girmama shi a maƙala shi a ƙugiya a kama kifi da shi."

"Shi ya sa duk kuka bushe kamar sanda. Allah ya ba ku abinci kuna ba kifi."

"To mu kifin muke ci ai."

"Kuna cin bawa kun bar sarki."

Ijeoma ta tsaya tana kallonsu, domin ta daɗe ba ta ji surukarta ta yi magana mai tsawo haka ba. Mama ta gyara zama ta ce a garinsu da sassafe mata suke sauka kogi da kwanduna, hazo bai tashi daga kan ruwa ba, kowacce ta san saiwar bishiyar da take sa nata. Kafin rana ta yi zafi tukunya tana wuta. Ta ce tun da ta zo garin nan ba ta ji ƙarar ruwa mai tafiya ba, sai na famfo.

Sabo ya koma kan wankinsa. Shi ma ɗan masunta ne. A kwalekwalen mahaifinsa ya tashi, ya iya ninƙaya kafin ya iya karatun allo. Tun da ya kama tuƙi ruwa bai wuce masa idon sawu ba, sai ranar da kwata ta cika ta malalo titi.

Da yamma Nnabuike ya dawo daga shagonsa na kayan famfo, Sabo ya tare shi a ƙofar gida. Ya ce akwai wani rafi a bayan ƙauyen Maje, bayan sababbin gidajen da ake ginawa, ya taɓa kai maigidansa duba fili a wurin, ya ga jatan lande a ƙarƙashin duwatsu.

"Na san rafin," in ji Nnabuike. "Kusan duk bututun gidajen nan ni na sayar. Malam Sabo, abeg, don Allah cire hannunka. An hana."

"Wa ya hana?"

"Mutanen ƙauyen. Bara wasu leburori suka zuba maganin ƙwari a ruwan don su kwashi kifi, komai ya mutu ya taso sama, har awaki suka sha suka mutu. Dattawa suka zauna da ma'aikatan gwamnati aka sa doka. Daga ruwan farko har a fara cin sabuwar doya, ba koma, ba ƙugiya, ba kwando. Wanda aka kama sai a miƙa shi hukuma."

"Ai ni ba magani zan zuba ba."

"Su ba ruwansu. Kai baƙo ne, ni baƙo ne. In aka ce a gidana aka ci, gobe da wace fuska zan kai kaya Maje?"

"To ka zuba ido ta ƙare a kan kujera?"

Nnabuike ya leƙa cikin gida inda uwarsa take zaune, zanen da ke jikinta ya yi mata yawa. Ya ce, "Ban ce ka je ba. Ban ji komai ba." Ya shige.

Kafin magariba Sabo ya sayi kwandunan kaba guda biyu, ya ɗinke bakinsu ya bar 'yar ƙofa, ya zuba dusa da ƙuliƙuli a ciki, ya hau acaba zuwa Maje. Ya sauka nesa da ƙauyen ya bi ta bayan wani kango, ya cusa kwandunan ƙarƙashin saiwoyi ya danne da dutse. Washegari Lahadi, yana idar da sallar asuba ya koma da bokiti mai murfi.

Da ya naɗe wando ya shiga, sanyin ruwan ya kama shi har gwiwa, sai ya tsaya cak. Rafin ƙarami ne, yaro ma zai tsallake shi a wasu wuraren, ga ledoji sun maƙale a ciyawar baki. Duk da haka warin laka iri ɗaya ne da na gida. Ya daɗe a tsaye yashi yana zamewa a ƙarƙashin tafin ƙafarsa kafin ya tuna abin da ya kawo shi.

Kwandunan sun yi nauyi. Ya juye su a kan wani faffaɗan dutse, jatan lande suka bazu suna tsalle. Sun yi yawa, shi kuma ba ya son ya yi ɓarna a ruwan mutane, don haka ya zauna zaɓe. Wasu sirara ne masu dogayen hannuwa. Wasu kuma sun yi ɓul-ɓul, ƙarƙashin wutsiyarsu cike da ƙwai kamar an liƙa musu gero. A gidansu idan aka fede kifi aka samu ƙwai, tsofaffi ake ajiye wa, yara har kuka suke yi a kansa. Sabo ya tsince masu ƙwan nan tas ya zuba a bokiti, ya watsa siraran cikin ruwa, ya kama hanya yana jin daɗin kansa.

Ya iso gida su Nnabuike sun yi shirin coci. Ya ajiye bokitin a gaban Mama ya buɗe murfin. Wani ya yi tsalle ya watsa mata ruwa a haɓa.

Tsohuwar ta yi wata 'yar ƙara. Ta sunkuya ta tsoma hannuwanta biyu a ciki, suna bin yatsunta, tana dariya ba sauti. Ta kira Ijeoma da yarensu ta ce ta ɗora ruwa. Sannan ta kamo ɗaya ta bayan kai, ta juya cikinsa sama. Ta ajiye, ta kamo wani. Ta kamo na uku. Dariyar ta tafi.

"Sabo, duka haka suke?"

"Duka, Mama. Da hannuna na zaɓo miki. Ramammun na mayar."

"Ka mayar da mazan ka kwaso matan."

"Ai masu ƙwan sun fi..."

"A kifi. Wannan ba kifi ba ne." Ta share hannunta a zane. "Ijeoma, sauke ruwan. A garinmu mai ƙwai ba ta shiga tukunya. In ta shigo kwandonki, ke da kika kama ta ke za ki mayar da ita inda kika same ta. Uwata ta taɓa juyar da miya guda a ƙasa don ta ga ɗaya a ciki. Ban taɓa ci ba, ba kuwa zan fara da furfura ba."

Sabo ya tsuguna ya riƙe kai. Nnabuike ya ce, "Mama, nan ba garinmu ba ne. An riga an kawo. A rufe ƙofa a dafa, ki ci, magana ta mutu."

"A mayar da su."

"Yanzu? Rana ta fito, mata suna wanki a rafin nan. Wanda ya je da bokitin nan ya kai kansa ne. Mama, ɗaure mutum ake yi."

"To a ɗaure har da ni. Ɗauko mini takalmina."

Suka dubi juna. Tun zuwanta ba ta taka ƙofar gida ba sai ranar asibiti, ko coci ta ƙi zuwa. Ijeoma ce ta fara motsi, ta shiga ɗaki ta fito da takalmin da ɗankwali. Nnabuike ya cire kwat ɗinsa ya rataye a ƙusa, ya fita neman keke napep yana magana shi kaɗai.

Mai keken ya kai su iyakar inda hanya ta tsaya, bayan gidajen da ba a gama rufinsu ba. Daga nan Nnabuike ya goya uwarsa, Sabo yana gaba da bokiti. Ba ta da nauyi ko kaɗan. A haka suka sauka gangaren.

Mata uku suna wanki a kan duwatsu. Suka daina, suka bi bokitin da kallo. Ɗaya ta aiki 'yarta da gudu cikin ƙauye. Kafin a gama zaunar da Mama a kan dutsen da Sabo ya yi zaɓe, wani dattijo ya iso da fartanya a kafaɗa. Shi ne aka ɗora wa kula da rafin. Ya amsa gaisuwarsu a taƙaice, ya ɗaga murfin bokitin da bakin fartanya.

"Na wa?"

"Nawa ne, Baba," in ji Sabo. "Ni na sa kwando jiya."

"Ba ka san an hana ba?"

"Na sani."

Dattijon ya dubi Nnabuike. "Kai ba kai ne mai kawo bututu ba?"

"Ni ne, Baba. Uwata ce ba ta da lafiya, ba ta cin..."

"Kowa da mara lafiya a gida. Waɗanda suka zuba mana guba ma cewa suka yi yunwa." Ya juya ga Sabo. "Na ga masu gudu da kaya. Ban taɓa ganin wanda ya dawo da su ba. Wani ne ya kore ku?"

"Ni na kore su," in ji Mama. "Sannu da aiki, malam. Yaron nan ɗan masunta ne amma bai san mace ba. Dubi abin da ya kwaso mini."

Ta miƙa hannu, Sabo ya matso da bokitin. Ta kamo ɗaya ta nuna wa dattijon cikinta. Ya sunkuya ya duba, ya girgiza kai, ya yi tsaki mai tsawo.

"Su muke jira su zuba ƙwan. Saboda su aka rufe ruwan."

"Mu ma haka muke yi a can," in ji ta. "Sai dai mu ba ma rufe ruwa. Hannun kowa ya sani."

"A da mu ma haka muke. Yanzu hannuwan sun yi yawa."

Mama ta ce a cire mata takalmi. Nnabuike ya durƙusa ya cire, ta zura kumburarrun ƙafafunta cikin rafin, ta rufe ido. Can ta buɗe ido ta ce wa Sabo shi ya kama, shi zai saki. Ya shiga ruwan ya tsuguna kusa da ita. Tana ɗauko su ɗaya bayan ɗaya tana sa masa a tafin hannu, shi kuma yana nutsar da hannun a hankali har sai ta motsa wutsiya ta shige ƙarƙashin saiwa. Kowacce za ta tafi sai tsohuwar ta faɗa mata wata gajeriyar magana da yarensu. Sabo bai san me take cewa ba. Nnabuike ya sani, ya juya baya yana kallon rufin gidajen da ke saman gangare.

A ƙasan bokitin aka samu waɗanda ba su kai ba, zafin hanya da matsi sun kashe su. Ba su fi cikin tafi biyu ba. Har da wasu sirara da suka ɓuya a cikin sauran tun da safe.

Dattijon ya ce, "Doka ta ce in miƙa ka. Zan gaya wa mai unguwa abin da na gani, shi zai yanke, ba ni ba. Kwandunanka sun zama na gari. Ranar Asabar muna kwashe ledar da mutanenku na sababbin gidaje suke zubo mana, ka zo da wuri ya gan ka a cikin ruwa, wataƙila ya sassauta."

"Zan zo, Baba."

"In ba ka zo ba na san shagon abokinka." Ya taɓa bokitin da ƙafa. "Waɗannan sun riga sun mutu, in an zuba su ruwa za su ɓata. Iya, tafi da su."

Mama ta tsince matattun masu ƙwai ta ajiye a kan dutse ta ce tsuntsaye su ci. Siraran kawai ta yarda aka ƙulle mata a ganye.

Da suka koma gida ba ta shiga ɗaki ba. Ta sa aka jawo kujerarta kusa da murhun gawayi, ta ce gas ba ya yin wannan girkin. Ijeoma ta wanke jatan landen da gishiri, Mama ta karɓa ta cire kawunan da kanta, ta ce a daka su a turmi da ɗan ruwa a tace da rariya, domin daɗin duk a kai yake. Ruwan ya fito ja-ja. A cikinsa aka dafa doya 'yan ƙanana da attarugu da albasa. Sabo yana fifita wuta, ya ce ko a kawo dunƙulen magi.

"Ka ƙara faɗa in kore ka Yawuri."

Sai da doyar ta yi laushi ta ce a zuba jikin. Suna taɓa romon suka naɗe suka yi jawur. Ta ce a sauke maza, kada su yi tauri. Aka yayyanka ganyen ɗoɗɗoya a kai, aka ɗiga manja ɗanye, ba a soya ba. Duka abin bai cika ƙaramin kwano ba.

Ta ɗebi romon ta kurɓa, ta riƙe shi a baki. Su uku suna tsaye a kanta kamar masu jiran sakamakon jarrabawa.

"Ba shi ba ne," in ji ta. "Ruwan nan na dutse ne. Namu na laka ne, ya fi zaƙi. Doyar ma tsohuwa ce."

Nnabuike ya sauke numfashi ya nufi ɗaki. Bai kai ƙofa ba ya ji ƙarar cokali a kwano. Ta ci doyar, ta ɓare jatan landen da yatsu ta tsotse ɓawon, ta miƙa wa Sabo ɗaya ta ce ya ɗanɗana ya san abin da suke ba kifi. Ya tauna ya ce ba laifi. Ta ce ƙarya yake, ya fi haka. Ta karkata kwanon ta shanye sauran, zufa tana tsattsafo mata a goshi. Sannan ta jingina, tana kallon sama ta kan katanga, wajen da hadari yake haɗuwa daga kudu.

"Yanzu a can ruwa ya fara hawa," ta ce. "Ya kusa kai gindin mangwaron bayan ɗakina."

Ijeoma ta ɗauke kwanon ta tafi wankewa.

"Sabo."

"Na'am, Mama."

"Yaushe aka ce za su buɗe rafin nan?"

"Sai an fara cin sabuwar doya."

Ta yi lissafi da ido.

"Da saura," in ji ta. "Ranar Asabar in za ka tafi ka tashe ni. Ka tambayi tsohon nan ko matansu sun iya saƙa kwandon kirki, naka na masu sayar da tumatir ne."